Wasiƙa Zuwa Ga Matasan Madugan Sabon Kiɗa

Ya ku ƙannena,

Na ji kun zaɓi tsayawa gaban ayarin makaɗa kuna jagorantar kiɗan da aka rubuta jiya-jiya, wanda kunne bai taɓa ji ba. Allah ya ba da sa'a. Wanda ya ɗauko kiɗan Beethoven hanyar da ayari dubu suka taka yake bi. Ko ya yi gyangyaɗi, makaɗan sun san inda rijiya take. Ku kuwa babu faifan da za ku saurara ku kwaikwaya. Kundi ne kawai a hannunku, sau da yawa ma a makare yake isowa.

To ku zauna da shi, da fensir ja da shuɗi. Za ku tarar wannan gaɓa bugu biyar ce, ta gabanta bakwai, sai uku, sai kuma biyar ɗin da aka raba ta wata fuska. Ku zana alwatika a kan duk rukunin uku, ƙugiya a kan na biyu, ku yi ta ƙirgawa a ɗaki har hannu ya haddace. Ku tuna da mai ganga can baya, wanda ya yi shiru gaɓa tamanin yana ƙirge, sanduna a ɗage, idonsa a kanku. Bai damu da kyan tsayuwarku ba. So yake ya ga inda bugun farko ya sauka. Marigayi Pierre Boulez, wanda ya kafa Ensemble intercontemporain a Faris a 1976, ko 'yar sanda ba ya riƙewa. Da hannu zalla yake nuni, ba rangaji ba zumuɗi, kuma makaɗa sun shaide shi da kunnen da ke tsamo sauti ɗaya da ya kauce a cikin taro.

A nan ne jarabar sana'ar take. Tun da masu sauraro ba su san kiɗan ba, in kun yi kuskure ba wanda zai gane. Haka kuke zato. Na taɓa zama a ƙarshen zaure ranar gwaji, wani madugu ya ɓata lissafi a tsakiyar shafi, maimakon ya ce laifinsa ne sai ya tsayar da kiɗa ya hau mai sarewa da faɗa. Ba ta ce uffan ba. Ta dai kalli na kusa da ita, suka yi murmushi. Daga ranar ayarin ya daina kallonsa, mai gogen farko suke bi. In kun ɓata, ku ce "nawa ne, mu koma," ku wuce. Kuma ku rage wa'azi. Gwaji biyu ko uku za a ba ku in an yi muku karamci, ba a ɓata su wajen bayanin falsafa.

Sai batun marubucin kiɗan, wanda a wannan fanni yana raye, yana zaune a layi na uku da kundinsa a cinya, gabansa na faɗuwa. Ku neme shi tun kafin ranar, ku yi masa duk tambayoyinku. Idan makaɗi ya ce wani wuri ba ya kaɗuwa, ku bari sai an tafi hutu ku ukun ku duba. Wani lokaci gaskiyar makaɗin ce, wani lokaci ƙiwa ce. Mai girman kai ya tuna 24 ga Maris 1958 a birnin Kolon na Jamus, ranar da aka fara kaɗa Gruppen na Stockhausen: makaɗa 109 aka kasa uku kewaye da masu sauraro, madugai uku, shi Stockhausen da Bruno Maderna da Boulez, kowa da saurin bugunsa, dole kowa ya riƙa satar kallon ɗan'uwansa.

Kada kuma ku yi watsi da tsohon kiɗa. Ku dubi Susanna Mälkki ta Finlan, wadda ta jagoranci ayarin Boulez daga 2006 zuwa 2013, sannan ta karɓi babban ayarin Helsinki, mai kaɗa tsoho da sabo, a 2016.

Abin da ya fi damuna dai shi ne wannan. A 29 ga Mayu 1913, da aka fara kaɗa Le Sacre du printemps na Stravinsky a Faris tare da 'yan rawa, zaure ya kaure da ihu, madugu Pierre Monteux ya ci gaba da bugu har ƙarshe. Shekara na zagayowa ya sake kaɗa shi, ba 'yan rawa, aka yi ta tafi. Yau ba mai yi muku ihu. Tafin ladabi za a yi, a mayar da kundi cikin kabad, shi ke nan. Kowa rububin kaɗin farko yake, don shi ke jawo 'yan jarida da masu ba da tallafi, alhali sai a karo na biyu da na uku makaɗa ke daina ƙirga su fara jin juna.

Don Allah, a jadawalinku na baɗi, ku sa kiɗa ko da ɗaya ne da wani madugun ya riga ya buɗe aka manta da shi.

Naku,
wani yayanku a sana'a.