Matan Zumunta Sun Ɗauki Kaya, Ina Kujerarsu?

A wannan mako za mu nufi kudancin Jihar Kaduna, watau ƙasar Kafanchan da Kagoro da Kwoi da Zonkwa da Zangon Katab, domin mu duba wata magana wadda ta daɗe a bakin Kiristocin wannan yanki, amma ba a cika fitowa da ita fili ba. Maganar kuwa ita ce matsayin mata a cikin ikilisiya, da kuma abin da ake nufi in an ce mutum yana da bangaskiya ta gaskiya. Kada mai karatu Musulmi ya ce wannan ba ta shafe shi ba. Wanda kuke cin kasuwa ɗaya da shi, kuke shan ruwan rijiya ɗaya, ya kamata ka san abin da ke damunsa, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Duk wanda ya taɓa shiga majami'a a wannan yanki ranar Lahadi, ko ta ECWA, ko ta Katolika, ko Angilika, ko Baftis, ya san cewa ƙungiyar da ta fi kowace ƙarfi ita ce Zumuntar Mata. Su ne za ka gani sun yi anko, suna kaɗa tulu da caki, suna rera waƙoƙin da su da kansu suka tsara da Hausa ko da harshen gida. Amma waƙar ita ce ƙaramin aikinsu. Su ke share majami'a, su ke dafa abincin babban taro, su ke zuwa gaida marar lafiya da mai jego, su ke kwana a gidan makoki. In damina ta faɗi sukan yi gayya a gonar fasto, in kaka ta yi sukan kawo baikon hatsi. Da kuɗin da suke tarawa kaɗan-kaɗan, daga cinikin citta da ƙosai da itacen wuta, ake tallafa wa masu bishara da yawa waɗanda aka aika ƙauyuka masu nisa. Fasto da ya san aikinsa ya san cewa in ya ɓata da Zumunta, to, zamansa a wannan gari ya zo ƙarshe.

Wannan ƙarfi yana da asali. A cikin watan Disamba na 1893 ne Turawan mishan uku na ƙungiyar da aka sani daga baya da sunan SIM suka sauka Ikko, watau Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Biyu daga cikinsu sun mutu a shekarar da ta biyo, Bingham kaɗai ya tsira. Ƙungiyar ta buɗe tasha a Kwoi, ƙasar Jaba, a 1910, sa'an nan a Kagoro a cikin shekarun 1920, daidai lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta mai da Kafanchan mahaɗa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, shi ya sa har yau Bajju da Atyap da Ham da Kagoro da Ninzam in sun taru sujada Hausa ce ke haɗa su. A 1954 kuma majami'un SIM suka zama ikilisiyar ECWA.

Kafin zuwan mishan, a addinin gargajiya na yawancin ƙabilun nan, tsafin Dodo, wanda Atyap ke kira Abwoi, asirin maza ne. Mace ba ta shiga ɗakinsa, ba ta tambaya a kansa, muryarsa kawai take ji ta sunkuyar da kai. To, sai ga wani addini ya zo wanda ba shi da ɗakin asiri, wanda ke karanta littafinsa a gaban kowa, har ma yana matsa wa mace ta koyi karatu domin ta duba da idonta. Ba abin mamaki ba ne da mata suka riƙe shi hannu biyu. Makarantar 'yan mata ta Kwoi, da asibitin Zonkwa inda Sistocin St. Louis suka koyar da aikin ungozoma, sun fitar da malamai da ma'aikatan jinya waɗanda suka yi wa Arewa duka aiki, Musulmi da Kirista.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Waɗannan mata da suka cika kujerun majami'a, in aka zo zaman da za a yanke shawara, sai ka tarar da su a bayan ɗaki suna hura wuta domin abincin masu zaman. Wasu na cewa maganin abin shi ne a naɗa mata su zama fastoci da limamai, wasu kuwa na cewa wannan haramun ne har abada. Ikilisiyoyin ƙasar nan sun rabu a kan wannan batu. Ikilisiyar Presbyterian ta naɗa mace ta farko, Mgbeke George Okore, tun 1982. Margaret Idahosa ta gaji mijinta a shugabancin Church of God Mission bayan rasuwarsa a 1998. Ikilisiyar Methodist ta zaɓi Nkechi Nwosu ta zama bishop a 2022. A ɗaya gefen kuwa, lokacin da Bishop Herbert Haruna na Kwara ya naɗa mata uku a 1993, Ikilisiyar Angilika ta Nijeriya ta soke naɗin, ko da yake takwararta ta Ingila ta soma naɗa mata a 1994. A wannan shekara ta 1994 ne kuma Paparoma John Paul na Biyu ya bayyana cewa Ikilisiyar Katolika ba ta da ikon naɗa mace limami. ECWA, wadda take da dubban mabiya a kudancin Kaduna, ita ma ba ta naɗa mata fastoci.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa daga Littafi. Masu hani sukan kawo wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Timoti, babi na 2, da ta fari zuwa ga Korantiyawa, babi na 14, inda aka taƙaita koyarwar mata da maganarsu a cikin taro, su kuma tuna mana cewa manzanni goma sha biyu duk maza ne. Masu goyon baya sukan ce shi wannan Bulus ɗin ne ya yaba wa Fibi, ma'aikaciyar ikilisiya, a babi na 16 na wasiƙarsa zuwa ga Romawa, kuma Biriskilla tare da mijinta Akila ne suka gyara wa mai wa'azi Afolos fahimtarsa. Sukan ƙara da Debora wadda ta yi alƙalanci a Isra'ila, da Maryamu Magadaliya wadda bisa ga Linjila ita ce ta fara kai wa almajirai labarin tashin Almasihu. Wannan fili ba majalisar malamai ba ce, saboda haka ba za mu raba wannan gardama ba. Abin da muka lura da shi kawai shi ne, gardamar naɗi ta zama inuwar da ake fakewa a ƙarƙashinta ana ƙin yin abubuwan da babu ayar da ta hana.

Kafin mu zo kansu, bari mu tambaya, da me ake auna bangaskiya? Wasiƙar Yakubu, babi na 2, ta koyar da cewa aiki ne ke nuna ko bangaskiya tana da rai, kuma tun a babi na 1 ta sa kula da marayu da gwauraye a cikin alamun addini na gari. In da wannan mudu za a auna, to, mutanen kudancin Kaduna sun ga gwaji. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan a watan Maris na 1987 ya bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa. Na Zangon Katab ya biyo a 1992, na bayan zaɓe a 2011, sa'an nan hare-haren dare a ƙauyuka da satar mutane. A watan Satumba na 2023 aka ƙone gidan limami a Fadan Kamantan, ɗalibin limanci Na'aman Danlami ya rasu a ciki. Musulmi da Kirista duk sun binne nasu a cikin waɗannan shekaru. Bayan manyan baƙi sun yi jaje sun koma Kaduna da Abuja, wa ke saura da marayu? Wa ke auna masara a kai wa waɗanda suka gudo suka fake a makarantar firamare? Mata ne. A 2020 ma, da abin ya ishe su, matan ƙasar Zangon Katab ne suka fito kan titi suna kuka a kan kashe-kashen, har ƙasa duka ta ji.

Haka kuma ba za a manta da Leah Sharibu ba, yarinya 'yar shekara 14 wadda aka sace tare da 'yan makarantarsu a Dapchi ta Jihar Yobe a watan Fabrairu na 2018. Da aka sako sauran a watan Maris, sun ba da labari cewa an riƙe ta ne don ta ƙi barin addininta, kuma Musulmi da yawa sun yi kira a sake ta. Wannan yarinya ba ta taɓa hawa bagadi ta yi wa'azi ba, amma fastoci nawa ne suka yi wa'azi da sunanta?

Kada kuwa a ɗauka muna cewa duk wadda ta ɗaura ankon Zumunta ta zama waliyiya. Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Akwai inda anko ya zama gasa, har mace ta ci bashi domin kada a gan ta da tsohon zane ranar taro. Akwai inda ake zaɓen shugaba saboda muƙamin mijinta, matar talaka kuwa ko ta fi kowa sanin Littafi sai dai ta wanke tukwane. Akwai inda 'yan siyasa kan zo gab da zaɓe da buhun shinkafa da atamfa, a yi musu waƙa kamar su ne suka gina majami'ar. Akwai kuma masu sayar da man shafawa da ruwan mu'ujiza, waɗanda suka gane cewa mace mai neman haihuwa ko mai ɗa marar lafiya ba ta ƙin biya. Duk wannan ado ne na waje, kuma matan Zumunta da kansu ya kamata su fara tsefe shi.

To, me ya kamata shugabanni su yi? Na farko, a ba mata kujera da ƙuri'a a kwamitocin kuɗi da gini da makarantu da asibitoci, tun daga ƙaramar majami'a har zuwa gunduma. Wadda ta tara kuɗi tana da hakkin ta ji inda suka tafi, a karanta mata lissafi dalla-dalla. Wanda ke ganin wannan zai rushe koyarwa ya dubi Katolika, waɗanda ba su naɗa mace limami ba, amma marigayi Paparoma Francis ya buɗe wa mata hidimar karatu da ta bagadi a hukumance a 2021, ya ba su ƙuri'a a babban taron bishop-bishop a 2023, ya kuma ɗora Sista Simona Brambilla a kan wata babbar ma'aikata ta fadarsa a farkon 2025.

Na biyu, ilmi. Matan nan su ke koyar da yara a Makarantar Lahadi, su ke koyar da junansu kowane mako. Ya kamata kowace gunduma ta ɗauki nauyin 'yan mata masu ƙwazo zuwa makarantun tauhidi irin ta Kagoro, ba sai matan fastoci kaɗai ba. A nan makwabta Musulmi suna da abin misali, domin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ba ta yi limanci ba, amma jajis ɗin da ta horar sun kai ilmi ƙauyukan da malamai maza ba su kai ba, har yau kuwa ana tunawa da 'Yan Taru.

Na uku, kuma shi ne mafi zafi, maganar gwauraye. A al'adar ƙabilu da yawa na yankin, gona da gida na maza ne. Sau da yawa miji kan mutu, tun ba a share makoki ba 'yan'uwansa su zo su raba gona, su bar mace da 'ya'ya biyar da hannu wofi, alhali kuwa masu rabon suna zaune a sahun gaba ranar Lahadi, wani ma dattijon ikilisiya ne. Kotun Ƙoli ta ƙasar nan ta yanke hukunci a 2014, a shari'ar Ukeje, cewa al'adar da ke hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa tsarin mulki, kuma a shari'ar Anekwe ta wannan shekara ta kare hakkin gwauruwa a gidan mijinta. In kotu ta iya faɗin haka, me zai hana fasto? Ikilisiyar da ke iya dakatar da yarinya daga cin jibin Ubangiji don ta yi cikin shege tana iya dakatar da dattijon da ya ƙwace gonar marayu.

Na huɗu, zaman sulhu. An sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan a watan Maris na 2016, an kuma yi wasu tarurrukan bayanta. Duk lokacin da za a sake irin wannan zama, a kira shugabannin Zumunta da na ƙungiyoyin mata Musulmi su zauna a teburin, a kuma saurare su. Majalisar mata Musulmi da Kirista da aka kafa a Kaduna a 2010 ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Matar da ta sayi nono a hannun Bafillatana shekara ashirin ta san hanyar rugar da hakimi bai sani ba.

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon shugabannin ikilisiyoyi na Kafanchan da kewaye, bishop-bishop da shugabannin gundumomi da dattawa, su sa wannan magana a cikin ajandar taronsu na gaba, su kuma kira matan su faɗi ta bakinsu. Masu karatu da ke da ra'ayi, musamman iyayenmu mata na Zumunta, ƙofar wannan fili a buɗe take, sai ku rubuto mana.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Jihar Kaduna da Nijeriya baki ɗaya. Sai mun sadu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.