Wasiƙa Zuwa Ga Masu Haɗa Sauti: Ku Bar Wa Kotso Wurin Numfashi

Ya ku ƙannena masu ɗaukar sauti da haɗa shi a Birnin Kebbi da Jega da Argungu, har zuwa Sakkwato da Kano. Daga Maruda nake rubuto muku, a ƙasar Gwandu, kuma abu ɗaya ne ya sa na ɗauki alƙalami: yadda kuke ɗura wa waƙa ƙarfi a kwamfuta har ma'auni ya kafe a ja.

Na san dalilinku. Mawaƙi yana so tasa ta danne ta kowa a wayar hannu da lasifikar gidan biki, ku kuma abincinku kuke nema. Sai dai kwamfuta tana da rufi, wato sifirin da ke ƙolin ma'auninta. Duk sautin da ya kai can, sare masa kai ake yi, kuma abin da aka sare ba ya tofowa. Na taɓa sauraren wani ɗaukan kiɗan kotso da aka yi wa haka. Makaɗin gwani ne, amma bugunsa mai taushi da mai zafi duk sun koma tsawo ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ba za a sake tara waɗannan mutane a wannan rana ba.

Kada ku ce faifan garmaho ya tafi da zamanin Shata da Ɗanƙwairo. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, a kan faifai. A shekarar kuma ya buga kiɗan da Mamman Sani ya ɗauka a Nijar tun 1978. Aikin da kuka haɗa yau yana iya kaiwa gaban injin yankan faifai gobe, kuma injin nan ba ya rufa wa kowa asiri.

Allura ce mai ɗumi take tona siririn kwari a fuskar faifai, kamar garma a gona. Ƙarfin sauti shi ne yawan kaɗawarta hagu da dama. In sauti ya yi yawa, kwari ya yi faɗi ya cinye fili. Shi ya sa gefe ɗaya na babban faifai mai juyi 33⅓ a minti yake ɗaukar wajen minti 20 cikin daɗi, in kuka ƙara tsawo dole mai yanka ya rage ƙarfi. Amon ƙasa, irin na ganga da kotso, shi ya fi cin fili, kuma in ya bambanta tsakanin hagu da dama sai allura ta riƙa hawa da sauka har ta yi tsalle. Ku tattara duk abin da ke ƙasa da Hz 150 a tsakiya. Ta wajen amon sama kuma harshenmu ne ke da rigima. Hausa cike take da sa da sha da tsa, ga kukan kukuma, kuma waɗannan su ke zafafa kan injin, su fito a faifai suna tartsatsi. Ku lallashe su tun a kwamfuta. Waƙar da ta fi kaifi ku sa ta a farkon gefe, saboda can ciki kusa da tsakiya faifai yana wucewa ƙarƙashin allura a hankali, kaifi yana dusashewa.

Ga awon da zai daidaita muku kaya, kuma ba ya cin minti goma. Ku sa kwamfuta ta fitar da sautin gwaji na Hz 1,000 a desibel 18 ƙasa da rufi, kamar yadda gidajen rediyon Turai suka tsayar. Amurkawa 20 suke bi. Ku bi da shi ta katin sauti zuwa miksa, ku murɗa har allurar ma'aunin VU ta zauna daidai kan sifiri, wanda a kayan ƙwararru yake daidai da bolt 1.23. Ku auna hagu daban, dama daban. In sun daidaita, ku manna takarda a kan maɓallin, kada yaron shago ya taɓa. Desibel 18 ɗin nan da kuka bari shi ne wurin da bugun kotso zai miƙe tsaye ba tare da ya ƙume kansa ba. Ku yi haka bayan kaya sun yi ɗumi, ku kuma saurara da kyau ko gurnanin janareta ya shigo ta waya, domin allurar yanka za ta tona shi tare da waƙa.

Wanda Allah ya hore wa injin yanka, ya fara yanka wannan sautin gwajin, ya kwatanta shi da faifan awo mai santimita 5 a daƙiƙa. Ya kuma tuna da ƙa'idar RIAA ta 1954, wadda ke rage amon ƙasa da ƙara na sama, kowanne har wajen desibel 20 a ƙarshensa. In injin yana yin wannan da kansa, kada a sake yi a kwamfuta.

Ban ce ku hana mawaƙi abin da yake so ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku yi masa kwafi mai ƙara na waya da biki. Amma ku ajiye uwar aikin daban, a bit 24, ba a matse ta ba, ba a mayar da ita MP3 ba, da sautin gwajin a farkonta da ranar ɗauka a rubuce. Ƙasar Kebbi da ta haifi mawaƙa Gambu da Sani Ɗandawo har yanzu tana da makaɗa a ƙauyukanta, da yawansu sun manyanta, kuma wataƙila ɗaukan da za ku yi musu shi kaɗai zai rage. Don Allah, kafin ku danna ɗauka gobe, ku fara da awo.

Wassalam.
Yayanku, daga Maruda.