Radiohead

Radiohead ƙungiyar mawaƙa ce ta ƙasar Ingila mai yin salon kiɗan alternative rock. An kafa ta a shekarar 1985 a garin Abingdon da ke yankin Oxfordshire, lokacin da mambobinta ke 'yan makaranta. Su biyar ne: Thom Yorke, Jonny Greenwood da yayansa Colin, Ed O'Brien, da Philip Selway. Har yau ba a sauya ko ɗaya daga cikinsu ba.

Tashe

Ƙungiyar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin EMI a 1991, ta fitar da waƙar "Creep" a 1992. Waƙar ba ta samu karɓuwa a Ingila da farko ba, sai da gidajen rediyon Isra'ila da na Amurka suka yayata ta. Kundin OK Computer na 1997 ne ya ɗaga sunansu a duniya. A 2000 suka karkata ga kiɗan na'ura a kundin Kid A. A 2007, bayan rabuwa da EMI, sun saki In Rainbows a intanet, suka bar kowa ya biya abin da ya ga dama. Kundinsu na tara, A Moon Shaped Pool, ya fito a 2016.

Dawowa fage

Bayan shekara bakwai ba su yi wasa tare ba, a Satumbar 2025 suka sanar da wasanni 20 a birane biyar na Turai: Madrid, Bologna, Landan, Kopenhagen da Balin. An fara a Madrid ranar 4 ga Nuwamba. A shekarar ce kuma tsohuwar waƙarsu "Let Down" ta shiga jadawalin Billboard Hot 100, bayan matasa sun yaɗa ta a TikTok.

Taƙaddamar ƙaurace wa Isra'ila

Dawowar ta sake tayar da tsohuwar muhawara. A Yulin 2017 ƙungiyar ta yi wasa a Tel Aviv, duk da kiran da Roger Waters, Ken Loach da Desmond Tutu suka yi mata ta fasa. Yorke ya kare kansa da cewa wasa a wata ƙasa ba goyon bayan gwamnatinta ba ne. Yaƙin Gaza ya ƙara rura wutar. A Oktobar 2024 Yorke ya sauka daga dandamali na ɗan lokaci a Melbourne, bayan wani ɗan kallo ya ƙalubalance shi kan Gaza. A Mayun 2025 ya fitar da sanarwa yana sukar gwamnatin Netanyahu da kuma Hamas. Shi ma Jonny Greenwood ya sha suka kan aikinsa da mawaƙin Isra'ila Dudu Tassa. Masu fafutukar BDS sun yi kiran a ƙaurace wa wasannin na Turai, amma tikiti ya ƙare cikin gaggawa.

Sukar ta fi yi wa Radiohead nauyi ne saboda tarihinta. Ƙungiyar ta yi wasan neman 'yancin Tibet, kuma kundinta Hail to the Thief na 2003 ya taɓo siyasar yaƙi da ta'addanci. Masu sukarta na ganin wanda ya saba magana ba ya da uzurin yin shiru. Masu kare ta kuwa na cewa ƙaurace wa mawaƙa na toshe ƙofar tattaunawa. A Oktobar 2025 Yorke ya shaida wa jaridar Sunday Times cewa ba zai sake wasa a Isra'ila ba muddin Netanyahu na kan mulki.