Uwar gida mai sana'a, ƙuri'arki ma jari ce

Iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu na bakin iyaka, daga Ƙonni har Ɗan Isa, daga Madarunfa har Matamai da Magarya. Wannan takarda taku ce. Wanda ta faɗo hannunsa kuma ya iya karatu, don Allah ya zauna ya karanta wa mahaifiyarsa, ko matarsa, ko maƙwabciyar da ke suyar ƙosai a ƙofar gida.

Inna, kin fi mu sanin abin da ya faru. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, aka yi kusan wata 16 ana cikin wannan hali. Sai ranar 16 ga Disamba na 2020 aka buɗe ƙofofi huɗu, cikinsu har da Illela da Maigatari, amma a lokacin Jibiya ta ci gaba da zama a rufe. Babban ɗan kasuwa mai manyan motoci ya yi asara, sai dai yana da sito, yana da banki. Ke da kike ɗaukar man gyaɗa, aya, wake ko cuku ranar kasuwa, ki dawo da robobi, sabulu da atamfa, ba ki da ko ɗaya. Wadda ta matsa ta bi daji bisa kabu-kabu, kuɗin hanya ya cinye ribar. Wadda ta zauna gida, ta ci jarin da ita da yaranta. Kan wannan sai ga annobar korona, sai ga ambaliyar daminar 2020 da ta rushe gidaje masu yawa a jihar Maraɗi. Yau mata da dama za su fara sana'a ne daga tushe, kamar ba su taɓa yi ba.

Saboda haka za mu fara da abin da ke hannunki, wanda ba sai kin jira wani ɗan siyasa ba, har mu ɗin. Daga baya mu faɗi abin da ya wajaba a kan gwamnati, da dalilin da ya sa muke neman ƙuri'arki ranar Lahadi 27 ga Disamba na 2020.

Abin da ke hannunki

Da farko raba jari da kuɗin cefane. Ƙananan sana'o'i da yawa ba rashin ciniki ke kashe su ba, hannu ne da ke shiga gwangwani safe da yamma: dala 20 ta gishiri, dala 40 ta maganin yaro, gudummawar biki. Ki ɗaure ƙulli biyu. Ɗaya na jari ne, ba a taɓa shi sai don sayen kaya. Ɗayan na riba ne, shi kaɗai gida zai ci. Kafin ki ce kin ci riba, lissafa komai. A ce kin sayi gyaɗa ta jika 10, kin biya niƙa, itace, ruwa da kuɗin mota jika 2, kin sayar da mai da ƙuli-ƙuli jika 14. Ribarki jika 2 ce, ba 4 ba, kuma a cikin jika 2 ɗin nan ne ladan wuninki a gaban wuta yake. In lissafi ya nuna wahalar ta fi abin da ke shigowa, sake sana'a tun jari bai ƙare ba. Kiwon jar akuya ko ragon layya ya fi wa wata sauƙi a kan suyar kullum, musamman wadda ba ta fita.

Bashin da kike ba mutane ma yana cin jari. Ƴar'uwa za ta ɗauka, kishiya za ta ɗauka, kunya ta hana ki tambaya. Ki yanke wa kanki iyaka: abin da ke waje kada ya wuce ribar mako guda, kuma wanda bai biya na farko ba, kada a ƙara masa. In ba ki iya rubutu ba, ƴarki da ke lakwal ta riƙe miki littafi. Wannan ma dalili ne na kada talla ta fitar da ita daga aji. Yarinyar da ta iya lissafi za ta tsare miki abin da ya fi cinikin farantin da take yawo da shi.

Sai batun naira. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro, tun 1999, farashinsu ba ya motsi. Naira kuwa tana hawa tana sauka, kuma a 2020 sauka ta yi ta yi. In kin sayar da kaya a can ƙetare, kika ɗaure naira a bakin zani har mako biyu, za ki iya zuwa wurin ɗan canji ki tarar ribar ta narke ba tare da ɓarawo ya taɓa ki ba. Ki riƙa yanke farashinki da sefa a zuciya kafin ki faɗe shi da naira. Ko dai ki canza a ranar, ko ki sayo kayan da za ki sayar a gida da nairar tun kina can.

Game da samun jari, ba sai an je nesa ba. A nan jihar Maraɗi aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, kuma daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka. Mata su haɗu kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yi yarjejeniya, mai bukata ta ranta daga asusun ta mayar, a ƙarshen zagaye a raba abin da aka tara. Bambancinsa da adashe shi ne ba sai kin jira kwasarki ta zagayo ba kafin ki samu kuɗin sari. Ƙarfinsa yana cikin ƙa'ida: a ƙirga kuɗi a gaban kowa, mai ajiye akwati daban, masu riƙe makullai daban, kuma a shiga da matan da kika san gidajensu. Ƙungiyar da aka haɗa cikin dare saboda an ji wani ɗan takara zai raba kuɗi, ba ta kai wata uku.

In za ki ci bashi a asusun bayar da ƙananan rance, yi tambaya ɗaya kafin ki dangwala yatsa: duka-duka nawa zan mayar, kuma ranar yaushe? A 2014 dokar ƙasashen da ke amfani da sefa a Yammacin Afirka ta hana irin waɗannan asusai wuce kashi 24 cikin 100 a shekara, bankuna kuma kashi 15, tare da duk kuɗin takardu a ciki. Wato in kin ranci jika 100 na shekara guda, abin da za a ɗora miki kada ya wuce jika 24. Mai ba da bashi na unguwa da ke karɓar jika 1 a kan kowace jika 10 duk wata, jika 120 yake ɗora wa jika 100 ɗin nan a shekara. Ki kuma sani cewa a rancen rukuni, in ɗaya ta kasa biya, sauran ne za su biya mata. Bashin sana'a kada ya tafi kayan ɗaki ko suna.

Na ƙarshe, takardu. Matar da ba ta da takardar haihuwa ba ta samun katin ɗan ƙasa, wadda ba ta da kati kuma ba ta buɗe ajiya da sunanta, sai ta laɓe bayan sunan miji ko ɗa. Duk ranar da aka ce alƙali ya zo gari don ba da takardun haihuwa, ajiye tukunya ki je. Duk dalar da kika biya a kasuwa ko a shinge, nemi takardar shaida. Kuɗin da ba a ba da takardarsa ba, ba baitulmali ya tafi ba.

Abin da ke kan gwamnati

Za a ce miki ba gwamnatin Nijar ce ta rufe iyaka ba. Gaskiya ne, daga Abuja aka rufe. Amma a lokacin ƙasashen biyu duk suna cikin CEDEAO, wadda tun 1979 ta amince mutanenta su yi zirga-zirga ba tare da biza ba, ta kuma yarda amfanin gona da kayan sana'ar hannu na yankin su wuce ba kuɗin duwan. Aikin masu mulki ne su tsaya kan wannan haƙƙi, in kuma sun kasa, su sassauta wa wanda abin ya shafa. Ki tambayi kanki: cikin watannin nan 16, an ɗage miki kuɗin tikitin kasuwa ko na rana ɗaya? Shingayen da ke tsakanin ƙauyenki da kasuwa sun ragu? Waɗanda suka hau mulki a 2011 sun samu lokacin gyara wannan. Abin da muka gani shi ne dokar kasafin kuɗi ta 2018 da ta ƙara lanho, har aka kulle shugabannin ƙungiyoyin farar hula da suka fito suka ce a'a. A 2020 kuma binciken da aka yi kan sayen kayan soja ya yi maganar miliyar 76 na sefa da suka salwanta. Ƙasar da irin wannan kuɗi ke ɓata a cikinta ba za ta ce ba ta da abin tallafa wa mai jarin jika 20 ba.

Ga abin da jam'iyyarmu ta ɗauka a kanta in kun ba mu amana.

Za mu kafa doka a liƙa allo a ƙofar kowace kasuwa da kowane shingen iyaka, da Hausa da Faransanci, mai nuna abin da ake biya da abin da ba a biya, a kuma riƙa karanta shi a gidajen rediyon karkara. Kuɗin kasuwa ya zama ɗaya, tikiti ɗaya, a rana ɗaya.

Macen da ta fara ƙaramar sana'a za ta yi shekarar farko ba patanti. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, tun 2010 ta tanadi matsayi na musamman ga ƙaramin mai sana'a, wanda sanarwa kawai yake bukata. Za mu sauko da wannan rajista zuwa ma'aikatar magajin gari, kyauta, don kada mace ta bar ƴaƴanta ta tafi babban birni neman hatimi.

Tallafin jari zai bi ta asusun da mata suka kafa da kansu kuma suka riƙe shi aƙalla zagaye guda, ba ta hannun shugabar matan wata jam'iyya ba, ko da tamu ce. Ga wadda ke gudun riba saboda addini, za a sayi injin niƙa, keken ɗinki ko firji a sayar mata a kan farashi sananne, ta biya kaɗan-kaɗan.

Za mu aika alƙalai ƙauye-ƙauye na bakin iyaka don takardun haihuwa, a fara da mata. Kuma za mu nemi zama na dindindin da hukumomin Sakkwato, Katsina da Jigawa kan ƙananan ƴan kasuwa, don mai ɗauke da kwano biyar na aya kada a yi mata hukuncin mai fasa-ƙwaurin tirelar shinkafa.

Kina iya cewa duk ɗan siyasa haka yake faɗa. Kina da hujja. Shi ya sa muka zaɓi alkawuran da ido ke gani: allo ko yana nan ko babu, tikiti ko ɗaya ne ko uku. Ajiye wannan takarda a ƙasan akwati. Ranar da ɗan majalisarmu ya dawo gari, fito da ita a gaban jama'a. A 2019 doka ta ce kashi 25 cikin 100 na zaɓaɓɓu su kasance mata. Matan da ke cikin jerin ƴan takarar kowace jam'iyya, har tamu, ku tare su ku tambaye su nawa ake biya a shingen garinku. Wadda ba ta sani ba, ba ta shirya wakiltarku ba.

Maigida, kai ma da kai muke. Dukiyar mace tata ce a Musulunci, kuma Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, ƴar kasuwa ce. In ka ranci kuɗin sana'ar matarka, bashi ne, ka mayar. Ranar da gero ya ƙare a rumbu kafin kaka, sau da yawa wannan ɗan gwangwanin ne ke riƙe gidan.

Lokacin zaɓe kwanakin rabo ne. Za a zo da turmin zani, da sabulu, da jika 2 a ambulan. Ke da kika san ciniki, auna: jika 2 a kan mulkin shekara 5, bai kai dala 80 a shekara ba sai da ƙyar, abin da ake karɓe miki a shinge ɗaya. Ba za ki sayar da akuyarki a wannan farashi ba. A bayan labulen zaɓe babu mai ganin inda kika dangwala, ba mai unguwa, ba miji, ba wanda ya ba ki zani.

Ranar Lahadi 27 ga Disamba na 2020, nemo katinki na zaɓe tun daren Asabar, ki fita da wuri kafin layi ya yi tsawo, ki ja maƙwabciyarki da matan asusunku. Ku zaɓi ɗan takararmu na shugaban ƙasa da jerin ƴan majalisarmu. Allah ya sa albarka a sana'a, ya ba mu zaɓe lafiya, amin.