Dogon Hutu da Rayukan Yaranmu: A Dawo da Sansani, Amma na Yini

A ƙarshen watan Yulin kowace shekara muna miƙa wa yara takardun sakamako, mu kulle azuzuwa, mu sallame su sai Satumba. Waɗannan makonni su ne tsakiyar damina. Lokacin ne kududdufai ke cika, ramukan da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini su zama tafkuna, ciyawa ta rufe hanyoyin gona, sauro ya yi yawa, hadari ya taso ba sallama. Wato muna sakin yaro daga hannunmu daidai sa'ar da haɗari ya fi kewaye shi. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu, 'yan'uwana malamai, ita ce: a cikin abin da muka koyar tun farkon zango, mene ne zai ceci yaro ɗan aji biyar idan ƙanensa ya zame cikin kududdufi, ko maciji ya sari abokinsa a wurin kiwo?

Ra'ayina shi ne reshenmu ya jagoranci shirya sansanin yara na mako ɗaya a kowane dogon hutu, a fara da Kongolam da makarantun da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Mai'aduwa. Sansanin yini nake nufi, wanda za a yi a harabar makaranta cikin gari, yaro ya zo da safe ya koma gidansu kafin azahar. Ba na goyon bayan kwana, kuma zan faɗi dalili.

Sansanin horar da yara ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Ƙungiyar sikawut ta samo asali ne daga wani sansani da Baden-Powell ya yi da yara kimanin 20 a tsibirin Brownsea na ƙasar Ingila a watan Agustan 1907, ta kuma iso Nijeriya a 1915. Waɗanda suka yi firamare shekaru talatin ko arba'in da suka wuce za su tuna da 'yan sikawut da ɗankwalinsu a wuya, suna koyon ƙulle-ƙullen igiya da ɗaure rauni da kafa tanti. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a 1954, ta daɗe tana tara matasa a lokacin hutu domin karatu da tarbiyya. 'Yan agajin ƙungiyoyin addini da muke gani suna tsara sahu ranar Idi da ranar Sallar Gani a Daura su ma a sansani suke samun horo. Kafin duk waɗannan, Bahaushe yana da nasa: gayya, inda samari ke koyon aiki tare a ƙarƙashin shugaba, da kiwo, inda yaro ke sanin itace da sawun dabba da alamun hadari, da dandali, inda langa da kokawa da gaɗa ke gina jiki, tatsuniya da kacici-kacici su wasa ƙwaƙwalwa. Abin da ya faru shi ne waɗannan makarantu na gargajiya suna ta raguwa, ƙungiyoyin makaranta kuma sun yi sanyi, ba a samu abin da ya maye gurbinsu ba.

Abin da ya fi kama da maye gurbin shi ne darasin hutu, wanda ake kira lesin. Ba na raina shi, yana da amfani ga yaron da aka bari a baya. Amma maimaita lissafi da Turanci ne a kan benci ɗaya da allo ɗaya, kuma sai mai kuɗin biya. Ɗan talaka yana gona da safe, da rana yana tasha ko bakin iyaka yana dako, ko yana yawon talla, ko ya bi sa'o'insa wanka a kududdufi. Garin iyaka kamar namu, inda manyan motoci ke zirga-zirga tsakanin Daura da Damagaram, yana da abubuwan jan hankalin yaro da yawa, kuma ba duka ne na alheri ba.

To, me za a koyar a wannan mako? Na farko shi ne ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya nutsewa cikin manyan abubuwan da ke kashe yara, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli, tun daga 2021, domin faɗakarwa a kai. Sau da yawa asarar takan zama biyu, domin wanda ya faɗa don ya ceci ɗan'uwansa shi ma ruwan ya tafi da shi. Yaro ya san cewa ba a tsunduma. Ana yin ihu, a kwanta a bakin gaɓa a miƙa gora ko doguwar sanda, ko a jefa igiya, ko jarkar da ba komai cikinta an rufe bakinta, domin tana yawo a kan ruwa. Ya kuma san cewa ramin da aka haƙa ba shi da gangare kamar tafki, taku ɗaya ne tsakanin gwiwa da nutsewa, kuma wanka a ruwan da ke kwance shi ke kawo tsargiya. Yaran da ke kusa da madatsun ruwa irin na Sabke da Daberam sun fi kowa buƙatar wannan darasi.

Na biyu, sarar maciji da harbin kunama. Yawancinmu mun taso muna jin a tsaga wurin, a tsotse dafi, a ɗaure da tsumma tamau. Likitoci sun hana duka ukun. Abin yi shi ne a kwantar wa wanda aka sara hankali, a cire masa zobe ko abin hannu kafin wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi ta hanyar ɗora ta a kan ƙyami ba tare da matsewa ba, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, saboda haka tsaga wurin ƙara ɓarna ce. Yaron da ya san wannan zai iya gyara wa babba.

Na uku, amai da gudawa. Kowane yaro ya haɗa ruwan gishiri da sukari da hannunsa: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya koyi tafasa ruwan sha, da wanke hannu da sabulu ko toka, da ɗaura gidan sauro yadda ya kamata. Na huɗu, tsawa: idan hadari ya taso kana fili, ba a fakewa ƙarƙashin itace guda da ke tsaye shi kaɗai, kuma ana fita daga ruwa nan take.

Sai kuma sanin ƙasa. Abin takaici ne a ce ɗan Kongolam ya san sunayen 'yan ƙwallon Turai amma bai iya bambanta gawo da marke ba. A fita da yara bayan gari kaɗan, tare da dattijon manomi ko makiyayi, su ga aduwa da magarya da kanya da tsamiya da ɗorawa, su ji amfanin kowanne. A nuna musu tumfafiya da illar ruwanta ga ido, da zaƙami mai gusar da hankali, da 'ya'yan cin-da-zugu da yara kan ɗauka gyaɗa ce. Su koyi tufka igiya da gane gabas da yamma ta inuwa. Kowane yaro ya dasa itace ɗaya a harabar makaranta ya sa masa kariya, domin mu da ke bakin hamada mun fi kowa sanin abin da rashin itace ke jawowa. A rufe kowace rana da wasan gargajiya da tarihin Daura, tun daga rijiyar Kusugu.

Na san abin da zai fara zuwa zuciyar iyaye shi ne tsaro, kuma suna da gaskiya. Ba wanda ya manta da daren 11 ga Disamban 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, abin da ya sa gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana a lokacin. Allah ya sa masarautar Daura ba ta ga irin abin da yankunan kudu da yammacin jihar suka gani ba, amma hankali bai yarda a tara yara ɗari a daji da dare ba. Shi ya sa na ce sansanin yini, cikin gari, a makarantar da yaro ya saba zuwa. Haɗarinsa bai wuce na ranar makaranta ba. Kuma a gindaya sharuɗɗa a rubuce: izinin uba ko mai riƙo da lambar wayarsa, kiran suna da safe da lokacin tashi, babba ɗaya ga kowane rukuni da bai wuce yara 15 ba, ba a barin babba ya keɓe da yaro shi kaɗai, a sanar da mai gari da ofishin 'yan sanda, ma'aikacin lafiya ya kasance a wurin da akwatin agajin gaggawa, da abin hawa a tsaye. Ba a kai yara bakin ruwa don gwaji, a busasshiyar ƙasa ake koyon jefa igiya. 'Yan mata su yi nasu daban a hannun malamai mata, amma kada a bar su a baya, domin su ne ke ɗebo ruwa da goyon ƙanne, kuma su ne iyayen gobe.

Uzuri na biyu shi ne gona. Gaskiya ne, a garinmu yaro hannu ne a damina. Amma tsakanin gama maimai da fara girbin gero akwai ɗan sarari a cikin watan Agusta, kuma awa huɗu muke nema na kwana biyar ko shida. A zauna da malaman Islamiyya da na allo a daidaita lokaci, har ma a gayyaci almajiransu, domin kududdufi ba ya tambayar wace makaranta yaro yake.

Uzuri na uku namu ne, mu malamai. Wani zai ce da albashin da bai kai ƙarshen wata ba, kuma da gonarsa da ke jiransa, ina shi ina ƙarin aiki? Wannan magana ce da ƙungiya ba za ta yi wasa da ita ba. Kada a tilasta wa kowa, kuma kada a ce a yi don Allah kawai. A tsara ɗan alawus da kuɗin mota ga duk wanda ya shiga, a nemi kuɗin daga hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, da kwamitocin kula da makarantu, da 'yan kasuwarmu masu hali. Kayan aikin ba su da tsada: igiya, gora, jarka, bandeji, sabulu, dashen itace. Kada a sa wa yaro kuɗin shiga ko a tilasta masa ɗinka kaki, domin da zarar an yi haka an kori waɗanda aka shirya abin dominsu. Kuma kada sansanin ya koma fareti da jiran babban baƙo a rana.

Ga mu malamai akwai wata riba. Ƙungiyarmu ta Malamai ta Ƙasa tana nan tun 1931, kuma jama'a sun fi jin muryarta idan ana batun albashi da ƙarin girma. Haƙƙinmu ne, ba za mu daina nema ba. Amma ranar da uwa ta ga ɗanta ya haɗa ruwan gishiri da sukari ya ceto ƙanwarsa, ta kuma san a hannun malaminsa ya koya, ranar da muka fito neman haƙƙinmu ba za mu tsaya mu kaɗai ba.

Saboda haka ina roƙon shugabannin reshe su sanya wannan batu cikin ajandar taro mai zuwa, a kafa ƙaramin kwamiti da zai haɗa malamai maza da mata da wakilan iyaye, a nemi 'yan agaji da ma'aikatan lafiya su fara horar da mu kafin mu horar da yara, a gwada a makaranta ɗaya da yaran aji huɗu zuwa shida. Idan ya yi kyau a faɗaɗa zuwa Zango da Sandamu da Ɓaure da cikin garin Daura. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma damina ba ta jiran wanda bai shirya ba. Allah ya tsare mana zuriyarmu, ya ba mu ikon sauke amanar da aka ɗora mana.