Unguwa Ake Saye, Ba Bango Ba

Ya kai mai karatu, wata rana za ka girma, ka tara abin hannunka, ka nemi gida naka na kanka. Ko kuwa tun kafin nan, mahaifinka ya haɗa kuɗin doya da riɗin da ya noma shekara da shekaru a Agwada, ya ce zai sayi gida a Keffi domin ku samu wurin zama kusa da makaranta da asibiti. A ganina, a irin wannan rana ya kamata a fara duba unguwa kafin a dubi gida. Dalili kuwa shi ne, gida yana gyaruwa da kuɗin mutum ɗaya, amma unguwa ba ta gyaruwa da su.

Tun da gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1991, garuruwan da ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi, irin su Mararraba da Masaka, suka cika da jama'a. Aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, daga baya aka buɗe jami'ar jihar a Keffi, ga kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Ma'aikata da ɗalibai suka yi ta kwararowa, filaye suka yi tsada, aka riƙa gini cikin gaggawa. Inda gini ya riga tsari kuwa, za ka tarar da gida mai kyau a lungun da mota ba ta shiga, ko a bakin kwarin da ruwa yake bi.

Saboda haka, kada ka yanke hukunci da ziyara ɗaya. Je ka ga gidan a watan Agusta, lokacin da damina ta kankama. Dubi gindin bango: in ka ga alamar laima ko sabon fenti a ƙasa kaɗai, ka tambayi dalili. Gidan da ke kusa da kogin Antau, ko wanda aka gina a kan hanyar ruwa, da rani ba ya nuna halinsa. Sa'an nan ka koma a watan Maris, ka leƙa rijiya. In ta ƙafe, ka tambayi nawa 'yan ga-ruwa suke sayar da jarka, domin wannan kuɗi ne da za ka riƙa biya kullum. Ka kuma je da dare, ka ga ko akwai wuta, ka ji ko mutane suna fita ba tare da tsoro ba.

Bayan ido sai kunne. Dillali la'adarsa yake nema, ba zai faɗa maka aibin hajarsa ba. Zauna da mai shayi da tsofaffin da ke ƙofar masallaci ko coci, ka gaida mai unguwa. Su ne suka san ko gidan na gado ne, ko kuma ana shari'a a kansa. Gidan gado ba ya sayuwa da yardar magaji ɗaya. Sai dukan magada sun amince. Ba banza ba ake rubuta wa a bangon wasu gidaje cewa ba na sayarwa ba ne.

Daga nan sai takardu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma ce sai da amincewarsa ake sauya mallakar filin da ke da takardar gwamnati. A Jihar Nasarawa, hukumar NAGIS ce take ajiye bayanan filaye. Kafin ka biya ko sisi, a bincika a can, a tabbatar sunan da ke takarda shi ne na mai sayarwa, safiyo kuma ya auna iyaka.

Wani zai ce wannan duk ɓata lokaci ne, kafin ka gama bincike wani ya riga ka. Gaskiya ne, yana iya faruwa. Amma ka auna asarar biyu. Wanda gida ya wuce shi, kuɗinsa na hannunsa, gobe zai ga wani. Wanda ya sayi rigima ko ambaliya, ya rasa kuɗin, bai kuma sami kwanciyar hankali ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma mai sayarwar da ke matsa maka ka biya yau-yau, sau da yawa akwai abin da ba ya son ka gani gobe.

Rufin da ke yoyo kafinta zai gyara shi cikin kwana biyu. Maƙwabci kuwa, da hanya, da magudanar ruwa, da su za ka zauna har 'ya'yanka su gada. Su ya kamata ka fara tayawa.