Tsakanin Soro da Kwano: Zafin Ɗaki a Birnin Kebbi da Argungu

Duk wanda ya san ƙasar Kabi ya san cewa bazararta ba ta wasa ba ce. A watannin Afirilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, sa'an nan idan hunturu ya kama, a Disamba da Janairu, sai sanyin asuba ya hana tsoho fita daga bargo. Maginan dā sun yi gini ne da sanin waɗannan baƙi biyu. Maginan yau kuwa, a galibi, ruwan sama kaɗai suke tsoro.

Shi ginin gargajiya da tubali ake yin sa, wato ƙasa ce a kwaɓa ta da ciyawa, a mulmula, a shanya. Katangar takan yi kauri sosai daga gindi, tana sirancewa zuwa sama. Rufin kuma azarar giginya ce, wadda gara ba ta cika yi wa lahani ba, a shimfiɗa mata zana ko asabari, a ɗora ƙasa, a shafe da makuba, a sa indararo don ruwa ya sami hanya. Hikimar da ke nan ita ce ƙasa mai kauri ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa. Zafin da ya bugi soro da azahar ba ya isa cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da masu gida sun riga sun fito tsakar gida da tabarminsu. Da hunturu kuwa wannan ɗumin da ya makara shi ne abin nema. Mai son ganin irin wannan fasali sai ya ziyarci tsohuwar fadar Argungu, wadda aka mayar Gidan Tarihin Kanta a 1958.

Tun da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha a 1991, unguwanni suka yi ta bunƙasa da bulo da kwano, ƙauyuka kuma suka bi sahu. Ba za a ga laifin jama'a ba. Soro yana bukatar yaɓe kusan kowace shekara kafin damina, giginya ta yi ƙaranci, kuma wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 ta rushe gidajen ƙasa a garuruwan bakin fadama ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan siminti. Ga kuma zancen martaba, domin ana ganin mai gidan ƙasa kamar bai samu ba ne.

To amma kwano siriri ne, rana tana taɓa shi ya ɗau zafi, nan take ya juye shi a kan na ƙasa. Bulo ma ba shi da kaurin da zai riƙe komai. Abin takaici shi ne, idan kuɗin gini suka ƙare, silin ake fara yafewa, a ce sai an samu hali. Maigida dai da rana yana kasuwa ko gindin dogon yaro. Mata da jarirai da tsofaffi su ne ke wuni a cikin wannan tanderu. Fanka kuma sai da wuta, janareta sai da fetur, fetur kuwa tun da aka janye tallafinsa a 2023 ya fi ƙarfin talaka.

Saboda haka gyaran sabon gida daga rufi zai fara. A ɗaga kwano a bar sarari tsakaninsa da silin, a buɗe ƙofofin iska a gefe biyu don zafin da ya taru ya fice, a tsawaita bakin rufin ya inuwantar da bango, musamman na yamma. Farin fenti a bayan kwano ma yana mayar da hasken rana. Wannan ba mafarki ba ne: makarantar da Francis Kéré ya gina a Gando ta Burkina Faso a 2001 bangon ƙasa gare ta, da kwano a ɗage can sama, aikin da ya share masa hanya har ya sami lambar Pritzker a 2022. Shi kuwa tsohon gida, abin da yake nema a wurin zamani kaɗan ne: harsashi na dutse da siminti wanda zai raba shi da danshi, da hular kwano a kan soron, ba a madadinsa ba.

Akwai kuma wata dukiya da ke zube a ƙofar gida. Kabi ƙasar shinkafa ce, ga injin Labana a Birnin Kebbi, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ban da ƙananan injinan casa da ke kowace unguwa. Ɓuntun shinkafa ba shi da nauyi, iska ce maƙare a tsakaninsa, ba ya kuma saurin kama wuta. Idan aka zuba shi a buhuna aka jera bisa silin, zai tare zafi da sanyi baki ɗaya. Matsalarsa ɓera da ɗigon ruwa, da kuma sanin kaurin da silin zai iya ɗauka. Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban gine-gine na Kwalejin Waziri Umaru za su iya amsawa da ɗakuna biyu, ɗaya da ɓuntu ɗaya babu, da ma'aunin zafi, a cikin bazara guda.